Lambar da ke Ƙasan Sandar

Auta ma'aikaciyar ƙididdiga ce a asibitin ƙashi, aikinta tattara alƙaluman marasa lafiya. Wata safiya sandar wani dattijo mai ƙafa ɗaya ta suɓuce a bakin ofishinta. Ta sunkuya za ta ɗauko masa, sai ta ga lamba 207 an ƙona a jikin katakon, bakwai ɗin da 'yar ƙugiya a ƙasa. Mutum ɗaya ta sani mai rubuta bakwai haka: Babanta, kafintan da duk unguwa ke yi wa kirari da "na shiga ba ya fita".

"Baba, a ina ka sayi wannan?" ta tambayi dattijon.

"Saya? Wani kafinta ne ya auna ni, ya ce in dawo jibi. Ko sunansa bai faɗa mini ba."

Mako biyu tana leƙa sandunan masu zuwa ganin likita, har ta samu huɗu masu irin wannan lambar: 44, 131, 290 da 350. Ta zauna da biro. Lambobi biyar, babbarsu 350, ke nan tazarar da ke tsakani kusan saba'in-saba'in ce. Da wuya a ce ta ƙarshe ce ta faɗo hannunta, don haka ta ƙara tazara ɗaya. Ɗari huɗu da ashirin. Sau uku tana maimaita lissafin.

Ranar hutu ta samu Babanta a shago yana goge katako, Umma na gefe ta kawo masa abinci.

"Baba, sandar guragu nawa ka yi kyauta? Lissafina ya ba ni wajen ɗari huɗu da ashirin."

Kwano ya kusa kuɓuce wa Umma. "Wa? Wannan da ko kujerar tsakar gida ya ƙi gyara mini?"

Baba ya ajiye abin gugar.

"Bokonki ya kusa," ya ce. "Ɗari huɗu da talatin da ɗaya."

"To me ya sa ka ɓoye mana?"

"Kafin a haife ki na kafa wa magina katakon hawa a wani bene. Na san akwai ruɓaɓɓe a ciki, na ce zai ɗauka. Bai ɗauka ba. Wani birkila ya faɗo, aka yanke masa ƙafa. Kowa ya ce tsautsayi ne, ni kuma na ja bakina na yi shiru."

Umma ta zame ta zauna a kan garin katako, tana salati. Shekara talatin suna tare, ba ta taɓa jin wannan ba.

"Shi mutumin ya sani?" Auta ta tambaya.

"Yana gaishe ni kullum a hanyar kasuwa."

Washegari Baba bai buɗe shago ba. Ya sa rigarsa mai kyau, ya ce Auta ta raka shi gidan birkilan.