Abin da Jacinta Ba Ta Faɗa wa Fasto Ba

Ranar da Madam Faustina ta ce, "Kubra, waɗannan ma'auratan naki ne, ni gefe kawai zan zauna," sai Kubra ta ga ba ta shirya ba.

Kubra 'yar Kafanchan ce, mahaifinta mai sayar da atamfa a kasuwa. Tana shekarar ƙarshe ta digirinta na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam, ɓangaren ba ma'aurata shawara. Jami'a ta turo ta koyon aiki a wata ƙaramar cibiyar ba da shawara a gari, ƙarƙashin Madam Faustina, wadda ta tsufa a wannan aiki. Tun zuwanta kallo take yi tana koyo, ba a taɓa damƙa mata mutane ba sai ranar.

Waɗanda suka shigo manoman citta ne daga wani ƙauye a bayan Fadan Kaje, Rufus da matarsa Jacinta. Bara aka kai wa ƙauyen hari, suka tsere da 'ya'yansu da tsohuwar mahaifiyar Rufus, suka raɓe a gidan ƙanwarsa a Kafanchan. Yanzu damina ta faɗi, Rufus yana son su koma gona, Jacinta ta ce ko gawarta kada a mayar can. Daga nan magana ta mutu a tsakaninsu.

Jacinta na zama ta kafe hijabin Kubra da ido. Kubra ta san abin da ake faɗa a gari duk lokacin da aka kai irin wannan hari, ta kuma san ɓangaren da ake saka masu irin shigarta. Ta yi gaisuwa, ta yi tambaya, amsar ba ta zo da wuri ba, sai ta kasa jure shirun. Ta shiga zuba bayani kan yadda firgici ke zama a jikin mutum, da amfanin fahimtar juna, duk abin da ta haddace a aji.

Rufus ya saurara cikin ladabi har ta kai aya. Sannan ya ce, "'Yata, kin yi aure?"

"A'a, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki hularsa. Jacinta ta bi shi suka fita.

Madam Faustina ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi damun Kubra ke nan. Cewa kawai ta yi, "Wa kike ceto da surutun nan, su ko kanki?"

"Madam, ba za su dawo ba. Kin ga yadda matar ke kallona?"

"Na ga tana kallonki. Ban san me ta gani ba, ke ma ba ki sani ba."

Makon nan Kubra ba ta ji daɗin abinci ba. Ko a kan acaɓa take, sai ta riƙa maimaita zaman a ranta, tana gyara kowace kalma. Ta fara tunanin ko ta zaɓi aikin da ba nata ba. Mahaifiyarta ta lura, ta ce, "Dama ke da ba ki san ɗakin miji ba, wa ya aike ki gyaran na wasu?" Da wasa ta faɗa, amma ta sosa inda ke ciwo.

Ranar Laraba da hantsi, Madam Faustina ta tafi taro Kachia, sai ga Jacinta ita kaɗai a bakin ƙofa. Kubra ta miƙe. Ba ta da tabbas ko an yarda mai koyo ta ga ɗaya ba tare da ɗayan ba. Ta fita baranda ta kira Madam, layin yana yankewa. Abin da ta iya ji shi ne, "Zaunar da ita. Gaya mata iyakar sirri. Ki rufe bakinki."

Ta dawo ta zauna. "Mama, abin da kika faɗa a nan ba zan kai wa Baba ba. Madam kaɗai za ta ji, don ita ke duba aikina. Sai fa idan ran wani yana cikin haɗari."

Jacinta ta daɗe tana murza bakin zanenta. Kubra ta ji kalmomi na taso mata, ta danne su da ƙyar.

"Wace ikilisiya kike zuwa? Babu ko?" in ji Jacinta. "Shi ya sa na dawo. Idan na faɗa wa fasto, kafin Lahadi Zumuntar Mata ta sa mu cikin addu'a, kowa ya ji. Ke ba ki san kowa namu ba."

Sai Jacinta ta faɗa. Ranar harin, da aka fara harbi, Rufus ya suri ƙaramin yaronsu ya fita ta baya, manyan yaran suka bi shi. Bai waiwayo ba. Ita ta rage da mahaifiyarsa da ba ta iya tafiya. Ta goya tsohuwar, ta ratsa gonar masara da ita, suka kwanta cikin kwari har ƙarar ta lafa.

"Uwarsa ce fa, ba tawa ba. Da muka haɗu sai ya ce mun gode wa Ubangiji. Shi ke nan. Har yau bai tambaye ni yadda na fito ba. Yanzu ya ce in bi shi can? Idan sun dawo, wa zai waiwaye ni?"

Wannan karon Kubra ba ta zuba bayani ba. Ta tura mata ruwa. Can ta ce, "Mama, kina so ya ji wannan?"

"Ina tsoro."

"Tsoron me?"

"Kada ya ce ai haka ne, bai tuna da ni ba."

Daga ranar damuwar Kubra ta sake kama. Tana riƙe da maganar da za ta iya gyara gida ko ta rusa shi, kuma ba tata ba ce balle ta faɗa. Madam Faustina ta sa ta gwada zaman da ita sau da yawa, Madam tana yin Rufus, wani lokaci mai fushi, wani lokaci mai tashi ya fita. Kowane gwaji sai Kubra ta ga wata sabuwar hanyar da abin zai lalace.

Da suka zo tare, Rufus ya fara da lissafin gona: ciyawa ta cinye, maƙwabta sun koma, irin citta zai ruɓe. Kubra ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, "Baba, kun gaya mini abin da ke jiranku a can. Mama, akwai abin da kike so Baba ya sani?"

Ana jin ɗigar ruwan sama daga kwanon rufi. Kubra ta saci kallon Madam, Madam ta sunkuyar da kai. Har Kubra ta fara yarda cewa ta yi gaggawa, sai Jacinta ta buɗe baki. Ba ta kalli mijinta ba, bango ta gaya wa.

Rufus ya miƙe. Ya je bakin taga ya tsaya, ya ba su baya.

"Na ɗauka kina bayana," ya ce. "Sai da na kai rafi na ƙirga yara, na ga babu ke, babu Mama. Na so in koma. Ƙafata ta ƙi." Ya share fuska da hula. "Ta yaya zan tambaye ki? In ce yaya kika yi da na bar ki? Kullum a ɗakin da muka raɓe ina ganinki kina yi wa Mama wanka. A gona ko ba komai zan sami inda zan sa idona."

Jacinta ta yi kuka, amma ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce za ta koma ba. Kubra ta ji son ta haɗa hannayensu ta rufe zancen da daɗi, ta hana kanta. Abin da aka tsayar kaɗan ne: Rufus zai riƙa zuwa gona da ƙaninsa yana dawowa, maganar ƙaura kuma a ajiye tukuna, su sake zuwa mako mai zuwa.

Jacinta ta riga shi fita. Rufus ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa.

"Malama," ya ce a hankali, "ana yarda namiji ma ya zo shi kaɗai?"

Kubra ta dubi Madam Faustina, Madam ta ɗaga mata gira alamar ita za ta amsa.

"Ana yarda, Baba. Ku zo ranar Litinin da safe."

Rufus ya sauka daga baranda. Kubra ta jawo kujera ta zauna.