Allon Da Ya Maƙale A Gidan Kuwabara

A Unguwar Maƙera, inda rabon da a ji ƙarar guduma tun kafin a haifi Tomiye, sanarwa a kan allo take yawo. Kwamitin unguwa zai maƙala takarda a jikin wani ɗan allo, a kai gidan farko. Maigida ya karanta, ya buga jan hatiminsa a gurbin sunansa, matarsa ta miƙa wa maƙwabta, haka har ya zagayo. Ba ya kwana biyu a gida ɗaya, kuma ba a tsallake kowa sai gidan da masu shi suka mutu ko suka tashi. A da gida ashirin da shida yake shiga. Yanzu sha huɗu ne, sauran sun koma shagunan tsaraba da wuraren shan shayi.

To, allon nan yau kwanansa tara a gidan Kuwabara, har Tomiye, matar gidan, ta mai da shi abin ɗora butar shayi.

Takardar cewa ta yi, tunda an sa layinsu cikin tsofaffin wuraren da ake adanawa, kuma baƙi na kwararowa daga kasuwa suna ɗaukar hoto, an hana shanya kaya ko katifa ta fuskar titi. Kowa ya yi shanyarsa a bayan gida. An rubuta ta da ladabi har ya yi yawa, sai ka ce gafara ake roƙo.

Bayan gidan Tomiye kuwa babu rana. Tun da aka gina otal mai hawa biyar a can, ko tsumma ka rataya sai ya yi funfuna. Rana ɗaya take da ita, wadda ke sauka a barandar bene ta gaba daga hantsi zuwa tsakar rana. Mijinta Shozo, wanda ya yi shekara arba'in yana sayar da awara a bakin kasuwa, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ma ta ɗauke. Katifa biyu take juya masa, ɗaya a ƙarƙashinsa, ɗaya a rana. In ya kwana a kan mai danshi bayansa ya yi ja, daga ja sai gyambo. Ta ga hakan a daminar bara, ta yi wata biyu tana wanke ciwo yana cije leɓe. Shekararta saba'in da huɗu, amma kullum sai ta kinkimi katifar nan ta hau bene da ita, gwiwa na ƙara.

Ranar ta tara ta dace da cin kasuwa. Tana saukowa daga shanya ta ji an ja ƙofa. Nishiwaki ne, shugaban kwamiti, mai shagon tsaraba na kan kwana. Shi da Shozo sun yi shekara talatin suna jan amalanken bikin kaka kafaɗa da kafaɗa, amma tun da ciwon nan ya zo, gaisuwarsa a bakin ƙofa take tsayawa.

Ya rusuna. "Uwargida, a yi haƙuri da katse aiki. Kamar allonmu ya ɓace a hanya."

"Ranka ya daɗe, Shugaba, bai ɓace ba. Ga shi can yana mini aiki."

Ya hango butar a kan allon, ya haɗiye abin da ya zo masa baki. "Gida takwas suna jira. Hatimin nan ba wai kin yarda ba ne, alama ce kawai kun gani."

"Haka kuka ce lokacin otal. Muka buga mun gani, muka wayi gari ba rana."

"Ba ke kaɗai aka hana ba. Jiya baƙi suka tsaya a gabana suna nuna katifarki suna dariya. Gari ne mai tarihi, Uwargida."

"Kakarka a wannan layin take shanya bantunan kakanka, Genta. Ko shi ba ya cikin tarihin?"

Da ya ji ta kira shi da sunan yarinta sai kunnuwansa suka yi ja. Ya ce akwai injin busar da katifa, kwamiti ma zai iya taimakawa. Ta ce ta gwada, zafi yake bayarwa amma warin yana nan, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta ɗauke butar, ta goge allon da haɓar riga, ta miƙa masa.

"Ni dai ba sunana ne a takardar ba. Kuwabara Shozo aka rubuta. Cire takalmi ka shiga ka karanta masa, in ya buga shi ke nan."

Ba yadda zai yi, ya cire. Ɗakin Shozo na ƙasa duhu gare shi ko da rana. Shozo na kwance, ya rame har ƙasusuwan kafaɗar nan da ta ja amalanke sun fito. Nishiwaki ya durƙusa, ya buɗe baki zai gaishe shi, gaisuwar ta ƙi fita, sai ya fake da karatu. Yana karantawa muryarsa na raguwa. Tomiye ta ji tausayinsa ya taɓa ta, ta ture tausayin gefe, ta ɗauko hatimin daga akwati ta sa wa mijinta a hannun da ke motsi.

"Maigida, ka ji abin da abokinka ya zo da shi."

Shozo ya dubi allon, ya dubi Nishiwaki, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya dunƙule hannu a kan hatimin, ya ja shi a hankali ya cusa ƙarƙashin bargo, ya rufe ido.

A bakin ƙofa Nishiwaki ya daɗe yana fama da igiyar takalmi. Bai ɗago kai ba ya ce, "Dole in wuce da allon gaba. Sai dai in tsallake ku."

Maganar ta soke ta, don ta san gidajen da ake tsallakewa, ta san masu su ɗaya bayan ɗaya, ta je jana'izar yawancinsu. Ta dafa ƙyaure. Amma da ta yi magana muryarta ba ta rawa.

"Tsallake. Ka ja layi a kan sunansa kamar yadda ka ja wa sauran. In baƙinka sun tambayi wane ne ke shanya a gidan matattu, sai ka san abin da za ka gaya musu."

Ya fita da allon a hammata. Ita kuma ta hau bene, mataki ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki sandar bugu. Layin cike yake da 'yan kasuwa da baƙi masu kyamara. Can ƙasa ta hango Nishiwaki tsaye a ƙofar maƙwabta, alƙalami a hannu, bai ja layin ba kuma bai ƙwanƙwasa ba. Ta juya katifar Shozo, ɓangaren da ke da tabo ya fuskanci titi, ta ɗaga sanda ta shiga bugu da ƙarfin da zai sa mai kwance a ɗakin ƙasa ya ji.