Ruwan Baƙo

Ku yi mini afuwa tun kafin ku fara. Ni ba marubuciya ba ce, karatu dai nake so, kuma Hausar ma ba ita muke yi a cikin ɗaki ba. Wannan ne labari na farko da na kai ƙarshensa ban yaga takardar ba. In kun ga inda na yi tuntuɓe, ku wuce kamar ba ku gani ba.

Ungwan Azariya tana can bayan Kagoma, a kan wani tudu mai duwatsu. Wanda ya hango ta da damina zai rantse babu inda ya kai ta ni'ima, ga citta kore shar, ga dawa ta fi mutum tsawo. Amma ƙasar wurin ba ta riƙe ruwa. Kirsimeti na wucewa rijiyoyi za su fara ja da baya, kafin Ista kuwa ko guga aka zura sai dai a ji ƙararsa a kan dutse. Daga nan mata ke gangarawa can ƙasan kwari, inda rafi ya ƙafe, su tona yashi, su zauna jiran abin da zai tsattsafo.

Mama Hulda ita ce shugabar zumuntar mata a cocin garin. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata sun yi aure nesa, saura ɗanta Boaz da matarsa Zipora da jikoki a gidan. A rani na bana Zipora, da tsohon ciki, ta zame a hawan kwarin nan da daro a kanta. Allah ya tsare, gwiwa ce kawai ta fashe. Amma da yamma Boaz ya jingine babur ɗinsa, ya tsaya a bakin madafa yana juya makulli a yatsa.

"Mama, in bana ma ba a yi komai ba, zan kwashe su mu koma Kafanchan. Na yi magana da Oga Aloysius, akwai ɗaki a bayan shagonsa."

"Gonar babanka fa?"

"Gona zai sha ruwan sama. Mu ne ba mu da na sha."

Hulda ta ci gaba da tura itace cikin murhu. Tun daga ranar, ko jikokin ne suka yi dariya a tsakar gida sai gabanta ya faɗi, kamar ta riga ta ji yadda gidan zai yi shiru.

Ranar Lahadi, bayan sanarwa, Kansila Andrawus ya nemi a ba shi dama. Ya ce gwamnati ta ware kuɗi cikin kasafin bana saboda wuraren da ƙarancin ruwa ya addaba aka manta da su. Ya ce yawancin kuɗin can arewa aka nufa da su.

"A ofis, in ka ce kudancin Kaduna, sai su yi dariya su ce ai ku cikin ruwa kuke kwana. Na yi ta roƙo har aka yarda mutum ɗaya zai zo ranar Alhamis ya duba da idonsa. In ya yarda, bohol ne mai sola. In bai yarda ba, sai kuma wani kasafin."

Coci ya kaure da tafi. Kansila ya hau motarsa ya koma, don shi zai taho da baƙon. Baba Meshak, mai unguwa, ya dogara sandarsa ya juyo wajen mata.

"Mama Zumunta, kin ji dai. Baƙon gwamnati ne. Kada a kunyata mu."

Wannan kuwa aikin Hulda ne, ta san shi kamar tafin hannunta. Haka suka tarbi babban fasto lokacin buɗe coci, haka suka tarbi masu wa'azi daga Jos. A garin nan baƙo ba ya ganin rashinka. Ko kaza ɗaya ta rage maka, ita za ka yanka, ka ce masa akwai wasu a baya.

Sai ta raba aiki. 'Yan mata suka yi ta safa da marwa zuwa kwari, aka wanke yunifom ɗin zumunta, aka wanke bencina. Samari suka tafi fadamar Fadan Kagoma da babura suka saro ganyen kwakwa da na ayaba, aka kafa ƙofar maraba kore shar a bakin gari. Ruwan kwari ja ne, ba ya shiga idon baƙo, don haka Hulda ta aika wa Aloysius, ɗan kasuwar da ke sayen cittarsu. Ranar Laraba sai ga a-kori-kurarsa tana nishi a hawan tudu da durom-durom na ruwan famfo daga Kafanchan.

"Mama, ba wahala," in ji shi, yana share gumi. "In bohol ya zo, ni ma na huta da kawo maku."

Aka jera durom ɗin a gaban coci, a buɗe, ruwa garai-garai har kana ganin gindinsu. Hulda ta bi gida-gida tana gargaɗi.

"Kowa ya tura tulunsa bayan ƙofa. Kada in ga jan ruwa a waje gobe. Yemima, yaran nan naki a yi masu wanka da sabulu, ba shafa-shafa ba."

"Mama, da wane ruwa?" in ji Yemima, ma'ajiyar zumunta, tana dariya.

"Da hawayenki ma in ya kama."

Da safiyar Alhamis aka yayyafa wa filin coci ruwa har ƙasa ta yi duhu tana ƙamshi. Yara suka jeru, goshinsu na sheƙi da man shafawa. Hulda ta tsaya ta dubi wurin, ta ji daɗi, amma wani abu na yi mata susa a ƙirji, ta kasa gane ko mene ne. Ta ɗauka tsoron kada shinkafa ta kama ne.

Rana ta yi tsaka kafin motar ta iso. Baƙon, Malam Musbahu, siririn mutum ne mai furfura a gemu, ga alama ya gaji da hanya. Mata suka tarbe shi da waƙa da tukunyar kiɗa. Yana saukowa ya dubi ganyen ayaba, ya dubi jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya dubi durom-durom, sai ya yi ajiyar zuciya.

"Masha Allah. Kai, ku kam kun more. Inda na je jiya, ko ruwan wanke hannu sai da aka yi shawara kafin a ba ni."

Mutane suka yi dariya saboda jin daɗin yabo. Hulda ma ta fara murmushi, sai murmushin ya tsaya a rabi. Ta dubi Kansila Andrawus, wanda ya fito daga ɗaya ƙofar motar. Fuskarsa ta koma kamar ta wanda aka yi wa rasuwa. Idonsa na kan durom.

A nan ne abin da ke yi mata susa ya faɗo mata gaba ɗaya. Mutumin nan ƙishirwa ya zo gani. Su kuwa tun ranar Litinin suke aikin ɓoye ta, kuma ita ce ta ba da umarni.

Aka zaunar da baƙo a inuwar mangwaro. Aka kawo daro, aka zuba masa ruwa a hannu har yana malala ƙasa. Duk ɗigon da ya zuba sai Hulda ta ji kamar a cikinta. Ya ci shinkafa kaɗan, ya sha ruwa kofi biyu, ya juya wajen mai unguwa.

"To, Baba, yaya batun ruwa a nan?"

Baba Meshak ya gyara zama. Shekara da shekaru bai taɓa amsa gaisuwar baƙo da kuka ba.

"Ranka ya daɗe, mun gode wa Ubangiji. Muna nan muna lallaɓawa."

"Akwai rijiyoyi?"

"Akwai su, akwai su."

"Baba, ai sun ƙafe!" Kansila ya sa baki.

"Andrawus, baƙo na cin abinci," in ji tsohon, bai ko dube shi ba.

Malam Musbahu ya yi ɗan murmushi irin na wanda ya saba da kansiloli. "Ranka ya daɗe, kowane kansila haka yake faɗa mini. Ni kuwa abin da na gani shi zan faɗa. Kuɗin nan kaɗan ne, masu nema da yawa." Ya ɗaga wayarsa ya ɗauki hoton filin, da ganyen da durom ɗin duka.

Hulda ta waiga ta hango Boaz a jingine da babur ɗinsa. Ba fushi a fuskarsa. Kallon wanda ya gama shawara yake yi, kuma wannan ya fi fushi tsorata ta. Mace ta tashi a gaban mai unguwa da dattawan coci ta ƙaryata shi a gaban baƙo? Ko a mafarki ba ta taɓa gani ba. Ta fara addu'a a zuci, amma kalmomin suka ƙi jeruwa, sai "Ya Yesu, ya Yesu" kawai.

Baƙon ya dubi agogo. "Bari in yi azahar mu kama hanya, akwai wani gari a gaba. A taimaka mini da ruwa a buta."

Yemima ta zabura za ta nufi durom. Hulda ta riƙe mata hannu.

"Bari. Ni zan kawo."

"Mama, ga shi nan kusa."

"Na ce ni zan kawo."

Ta karɓi butar, ta wuce durom na farko, ta wuce na biyu, ta bi ta bayan coci zuwa gidanta. Ta tura ƙofa, ta jawo tulun da ita da kanta ta ɓoye jiya. Ruwan ya ɗan kwanta, sama-sama ya yi kamar na kirki. Ta tsaya tana kallonsa. In ta ɗebi na sama, ba ta yi ƙarya ba, kuma ba ta kunyata kowa ba. Sai ta ji muryar Zipora daga ɗaki tana tambaya ko baƙon ya tafi. Hulda ta zura moɗa har ƙasa, kamar yadda suke yi in tulu ya kusa ƙarewa, ta cika buta.

Da ta dawo ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu, kanta a ƙasa. Ya ce ya gode, ya tsuguna gefe, ya naɗe hannun riga, ya karkata butar.

Ruwan ya zubo ja, da ƙanƙanan yashi, ya bar masa shaida a tafin hannu. Ya tsaya. Ya kai hannun kusa da hanci. Masu waƙa suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

"Hulda!" Baba Meshak ya buga sanda a ƙasa. "Kin haukace ne? Mutum zai yi salla ki kawo masa wannan?" Ya juya yana ba baƙon haƙuri, yana cewa kuskure ne, tsufa ne, a kawo mai kyau maza.

Malam Musbahu bai tashi daga tsugunon ba. "Mama, wannan na mene ne?"

Muryarta ta fito ƙarama. "Shi muke sha, ranka ya daɗe."

"Wancan fa?" Ya nuna durom da haɓa.

"Na baƙo ne. Jiya mota ya kawo daga Kafanchan."

"Ganyen nan?"

"Daga fadamar wasu."

Wata daga cikin mata ta rufe fuska da gyale. Wani dattijo ya yi tsaki ya kau da kai. Hulda ta ji idon garin duka a bayan wuyanta, ta ce a ranta shi ke nan, ta zubar da mutuncin gari, kuma wataƙila a banza, don mutumin yana iya ɗauka wulaƙanci ne ya shiga mota ya tafi.

Malam Musbahu ya daɗe yana kallon hannunsa. Sa'an nan ya ce wa Yemima ta ba shi na durom, ya yi alwala, ya shimfiɗa darduma a gefen mangwaro ya yi sallarsa. Hulda na nan durƙushe, ta kasa tashi, ta kasa zama. Ba ta taɓa sanin salla na da tsawo haka ba.

Da ya sallame ya naɗe dardumar, ya ce, "Ina ne ake ɗebo shi?"

"Da nisa, ranka ya daɗe," in ji Baba Meshak. "Hanyar ba ta manya ba ce."

"Mota ba ya zuwa," in ji Boaz daga baya. Ya riga ya tayar da babur. "Amma zan kai ka rabi, sauran da ƙafa."

Suka tafi, Kansila na binsu a kan wani babur ɗin, yara na gudu a baya. Waɗanda suka rage suka rabu biyu, wasu na cewa ta kyauta, wasu na cewa ko bohol goma ne bai kai kunyar nan ba. Shinkafa ta huce a faranti.

La'asar ta kusa kafin su dawo. Wandon Malam Musbahu ya yi ja har gwiwa, takalminsa ɗaya ya tsinke, yana numfashi da ƙyar. Ya zauna a benci ba tare da an ce ya zauna ba. Ya fito da wayarsa, ya nemo hoton filin coci, ya goge shi a gaban mai unguwa.

"Baba, ban yi maku alkawari ba, don ba ni ke sa hannu ba. Amma abin da na gani a kwarin can shi zan kai, kuma zan tsaya a kansa. Don Allah in wasu suka biyo bayana, ku bar garin yadda yake."

Baba Meshak ya ce, "To, ko ruwan sha ba za a ba su ba?"

Dariya ta ɓarke, har da baƙon. Cikin hayaniyar Boaz ya matso kusa da uwarsa, yana kakkaɓe yashi daga hannun rigarsa, bai dube ta ba.

"Zan gaya wa Oga Aloysius ya ba wani mutum ɗakin nan. Mu ga abin da za su yi zuwa baɗi."

Hulda ta gyaɗa kai. Can ta ji Yemima ta ɗaga murya tana neman a yi wa Mama Zumunta waƙa, ta kuma ji sandar Baba Meshak na matsowa yana tambayar ina Hulda take, akwai maganar da zai yi da ita. Ba ta san wanne ta fi tsoro ba. Ta sunkuya kamar mai gyara ɗaurin zane, ta bi ta bayan durom-durom ɗin, ta zagaya bangon coci, kafin kowa ya waiga ta shige gida.