Jar Fitilar Gaban Bagade

Baban Coci yana bisa benci yana ɗura wa jar fitilar mai lokacin da Fada, limamin cocin, ya shigo da farin ƙyalle a hannu.

"Baba, sauko kada ka faɗi. Ai na ce maka yau ba sai an ƙara ba."

"Ni in faɗi? Fada, da ni aka sauke bencin nan daga mota, lokacin ko rarrafe mahaifinka bai fara ba."

Ba ƙarya ya yi ba. Baban Coci bai taɓa zama a aji ba, amma ba Fadan da ya riƙe cocin nan da bai bi ta hannunsa ba. Shi ya kwaɓa wa Fada Mai Gemu siminti ran da aka sa harsashi. Shi ya tsamo Fada Babur daga kwata, ƙafa a karye. Shi kaɗai ke iya yi wa Fada Gajere tari in wa'azi ya yi tsawo har jarirai sun gaji da kuka. Shekarar tashin hankali, da Fadan lokacin ya haura katanga ya bar takalmi ɗaya, Baban Coci ya zauna daram a bakin ƙofa da tabarya. Duk sun tafi, wasu ƙasa ta rufe su, shi yana nan. Kuma a hannunsa fitilar nan ba ta taɓa mutuwa don rashin mai ba. In tana ci, kowa ya san Jikin Kristi, wato gurasar da aka tsarkake, na cikin akwatin da ke kan bagade, teburin ibada, mai shiga sai ya durƙusa.

Amma unguwa ta watse. Gidajen 'yan coci sun koma shagunan taya da ɗakunan ajiyar kaya, yara sun bi aiki, tsofaffi sun bi juna. Bishop ya ce a haɗe su da babban cocin da ke ƙetaren gada. Jiya aka yi Misa, wato ibada, ta ƙarshe, benci uku ma ba su cika ba.

"Ka kai ni gaban Bishop," in ji Baban Coci yana saukowa. "Yana ɗalibi na taɓa ja masa kunne a ɗakin nan. Zai tuna."

"Zai tuna, Baba. Amma ba zai fasa ba." Fada ya gyara ƙyallen. "In na fita, ka kashe ta."

"Aikina kunnawa ne. Kashewa sai ku masu ilimi."

Fada ya nufi bagaden. Ya durƙusa, ya buɗe akwatin, ya ɗauko ƙoƙon da Jikin Kristi ke ciki, ya lulluɓe shi da ƙyallen a ƙirjinsa. Wanda ya ɗauki Jikin Kristi ba ya tsayawa hira, don haka ya wuce shiru, ya bar ƙofar akwatin a buɗe. Motarsa ta tashi.

Baban Coci ya zauna. Ya ce a ransa su yi abin da za su yi, fitila dai ga ta nan, kuma akwai mai a jarka.

Sai ga ƙarar sanda. Matar marigayi katikis, malamin cocin, ce, wadda yanzu idonta ba ya ganin komai sai haske. Ta tsaya a tsakiyar coci tana haki.

"Tsoho, kai ne a nan? Ga fitila tana ci, ashe sun fasa." Ta yi dariya. "Na faɗa wa 'yata, muddin wannan mai taurin kan yana numfashi, ba mai rufe mana coci."

"Iya, ai kin san ni," ya ce. Bakinsa ne ya riga shi.

Ta dafa benci, ta fara sauka a hankali, gwiwa na ƙara, har ta kai ƙasa. Ta fuskanci akwatin da ba komai a ciki, ta soma kiran sunan mijinta da na 'ya'yanta, tana ba da su amana ɗaya bayan ɗaya.

Baban Coci ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ja benci ya hau. Ya cire jan gilashin, ya lashi yatsu biyu, ya matse lagwanin.

Ta ɗaga kai tana neman hasken.

Ya sauko ya kama hannunta. "Tashi, Iya. Mai gidan ba ya nan, Fada ya tafi da Shi."