Ƙashi ko Ƙaya

Baba ya ture kwanon da bayan hannu, ya juya fuska bango.

"Ko cokali ɗaya, Baba," in ji 'yarsa Malama.

"In ba kifi ba ne, ɗauke abinki."

Ta ɗauka. Tun da aka yi masa aiki a maƙogwaro yake zubewa, har agogonsa ya koma yawo a tsintsiyar hannu. Likita kuwa ya ja kunne: in aka dawo awo gobe nauyinsa bai ƙaru ba, za a zura masa robar abinci ta hanci. Baba ya rantse gara a kai shi kushewa.

Ranar sallama daga asibiti Malama ce ta yi tafinta, don likitan baƙo ne, Turanci kawai yake ji. Da ya ce a guji "boni fish", ko ɗar ba ta yi ba. Kimiyyar halittu take koyarwa a sakandare, kalmar nan ta rubuta ta a allo har ta gaji: duk kifin da ƙashi ne ginshiƙin jikinsa, ba guringuntsi ba. Wato kusan duk kifin da ke kasuwa. Ta dawo gida ta kafa dokar hana kifi, kuma dokar Malama ko mahaifiyarta ba ta taka ta. Ga shi tsohon da ba ya iya cin tuwo ko shinkafa sai da kifi ya zaɓi yunwa.

Ta yafa mayafi ta nufi asibiti ba tare da ranarsu ta zo ba. A bas ta yi ta shirya roƙo: ko ɗan romo ne a yarda masa. A kan bencin jira kuwa, aka turo wani dattijo a keke da roba manne a hanci. Tsoro ya kama ta sosai, ta kau da kai.

Da likitan ya fito zai wuce, ta tare shi a bakin ƙofa. Cikin Turancinta na aji ta bayyana masa cewa majinyacinsa ya ƙi abinci saboda an hana shi kifi.

"Wa ya hana shi?" in ji likitan.

"Kai, likita. Boni fish ka ce."

"Ƙwarai. Mai siraran ƙasusuwan nan da ke maƙalewa a wuya. Ki samo mai tsoka, ki tsince shi tas. Ai kifi ne ma ya fi dacewa da shi."

Ya wuce abinsa, ya bar ta tsaye baki buɗe. Ƙaya! Ƙaya mutumin yake nufi. Turanci ne da rowa, kalma guda ya ba ƙashi da ƙaya su raba, ita kuma ta ɗauko ta littafi ta bar ta kicin. Kunya da haushin kanta suka kama ta.

Ta biya kasuwa ta zaɓi kifi mai kauri. A kicin ta rage murya ta zayyana wa Mama komai, ta manta tagar ɗakin Baba a buɗe take. Mama ta miƙo mata tukunya. Da ya dahu, Malama ta zauna kusa da haske tana murza tsokar tsakanin yatsu, ta tsince, ta sake tsincewa, har wuyanta ya ƙage.

Tun kafin ta shiga ƙanshin ya tayar da Baba zaune.

"Likita ya yarda," ta ce, idonta a ƙasa.

"Allah ya yi masa albarka."

Ya yi bisimilla. Malama ta durƙusa tana bin kowace loma da ido, daga cokali zuwa baki, daga baki zuwa maƙogwaron da ɗinkinsa bai gama warkewa ba. Ya haɗiye ta fari lafiya, ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Can sai ya tsaya cak, ya daina tauna.

"Baba? Baba, kar ka haɗiye! Mama, ruwa!"

Ya ɗaga mata hannu. A hankali ya sa yatsu biyu a baki, ya zaro wata 'yar siririya kamar gashin gira, ya ɗora mata a tafin hannu.

"Malama, duba min a littafinki. Wannan ƙashi ne ko ƙaya?"

Hawaye suka zubo mata. Baba ya jawo kwanon kusa da shi.

"In kin gama dubawa, ki ƙaro min."