Mai Duba Ƙafar Mama

Da na fara aiki a ɗakin masu ciwon suga, benci biyu ya ishe mu. Yanzu kuwa har baranda mutane suke tsaye, kowa da katinsa a hannu. Ni nas ce, kuma kowa ya san ban iya lallashi ba.

Akwai wata tsohuwa da muke kira Mama Mai Lema, don ko rana ko ruwa tana tafe da lemarta. Ba ta taɓa saɓa ranar dawowa ba. Sugan ya riga ya kashe mata ƙafa, ko ƙusa ta taka ba za ta ji ba. Shi ya sa duk zuwanta nake tambaya, "Mama, wa yake duba miki tafin ƙafa a gida?"

"'Yata mana," take cewa. "Kowace yamma, har tsakanin yatsu."

Ran Laraba na cire mata takalmi, sai ga gyambo a diddige, ya yi sati biyu ko fi. Raina ya ɓaci, don irinsa ne ke sa a yanke wa mutum ƙafa. Na ɗauko lambar 'yar a fayil, na tsaya bakin taga na kira ta, na wanke ta tas.

Ta bari na gama, sannan ta ce, "Anti, shekara uku rabona da gida. Aiki ya kai ni nesa. Duk muka yi waya cewa take lafiyarta ƙalau."

Na dawo wurin Mama, na durƙusa ina wanke ciwon.

"Mama, me ya sa kika ɓoye mini?"

"Da tana nan ita ke dubawa," ta ce. "In na ce miki ba kowa, sai in ji kamar na fitar da ita daga gidan. Kewarta nake yi, 'yar nan. Ƙafar ba ta dame ni ba, ai ba na jin ta."

Na naɗa bandeji, na ce ta dawo jibi, ni zan riƙa dubawa. Ta yi godiya, ta ɗauki lemarta. Har ta kai ƙofa ta juyo.

"Na ji faɗan da kika yi mata," ta ce a hankali. "Ta ce za ta zo?"