Larai Ta Karya Farashi

A gidan Magajiya Zaituna, can bayan garin Dutse inda kwalta ta ƙare, doka ɗaya ce ba a wasa da ita. Ki yi dambe da maƙwabciyarki, a raba ku a wuce wurin. Ki sha abin da kika sha ki cika tsakar gida da surutu, a zage ki a kai ki ɗaki. Amma ranar da kika karɓi kuɗin namiji ƙasa da abin da gida ya yanke, to ki haɗa kayanki. Dubu uku ne, ba ragi, ko da mutum zai kwanta a ƙasa yana rantsuwa ita ke nan gare shi.

Ba mugunta ce ta kawo dokar ba. Tun da kame ya yi yawa aka kori mata masu zaman kansu daga cikin gari, maza suka gano cewa mace mai tsoro ba ta iya ciniki. Mutum zai tsaya a bakin ƙofa yana tayawa kamar ya zo sayen tumatirin da ya kwana, in an ƙi shi ya ce ai ya san lambar masu kame. Shi ya sa matan gidan suka haɗa baki a kan farashi ɗaya. Suka kuma buɗe asusu, kowacce tana zubi duk mako, domin ranar da mota ta zo ta kwashi wasu a samu abin yin beli.

Larai ta san duk wannan, don da ita aka zauna aka yanke. In ban da Magajiya, babu wadda ta kai ta daɗewa a gidan. Shekarunta sun doshi hamsin, ko da yake in an tambaye ta talatin da biyar take cewa, kuma ta daɗe tana cewa haka. Mai da hoda sun yi iya yinsu. Gwiwa ta fara ciwo, haƙori biyu sun tafi, maza kuwa ba su da kara: su wuce labulenta ko sallama babu, su nufi ɗakunan yaran. Akwai makon da ta yi da garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Tun tsakiyar damina ta fara karɓar rabi a ɓoye, tana sa kowanne ya rantse ba zai faɗa ba. Wai namiji ya samu araha ya yi shiru! Wannan kam Larai ta fi kowa sanin ba za a daɗe ba.

Tana dama koko da safe sai Tina ta faɗo ɗakin ta saki labule. Tina 'yar Filato ce, ɗakinsu bango ɗaya, kuma ita kaɗai ce ke raba abinci da Larai in abu ya yi tsanani.

"Anti Larai, magana ta fito fa," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Idirisun nan mai adaidaita ne. Jiya ya je wurin Najwa ya taya rabi, ta wanke shi tas. Shi ne ya ce me take taƙama da shi, ai Larai ma rabi take karɓa. A gaban kowa ya faɗa."

Ludayin ya tsaya a hannun Larai. "Magajiya ta ji?"

"Ta ji. Ta ce gobe bayan la'asar kowa ya fito tsakar gida."

Tsoro ne ya kama Larai. Ba kunyar ce ta dame ta ba, wannan ta daɗe da sabawa da ita. Ɗakin ne. In an kore ta ina za ta sa kanta? Magajiyoyi duk bakinsu ɗaya, wadda aka kora kan karya farashi ba ta samun ɗaki a wani gidan. Haya a cikin gari kuwa, ta taɓa gwadawa a unguwar Limawa. Mai gidan ya dube ta sama da ƙasa ya ce ta zo da mijinta a yi magana, kafin ta kai bakin titi yara sun fara bin ta da waƙa. Wuri ɗaya ya rage mata a duniya, shi ne ƙauyensu a ƙasar Buji, inda ta gina ɗaki na bulo da kwano a gidan yayanta Nata'ala tun lokacin da kasuwarta ke ci.

Ta zuba dogon hijabi har ƙasa. Ta kwashe duk abin da ke ƙarƙashin katifa ta sayi shinkafa kwano ɗaya, da sukari, da sabulu, ta ware kuɗin mota zuwa da dawowa. Ba a shiga gidan Yaya hannu rabbana.

Ta same shi a soro yana gyaran igiyar awaki. Ya yi murna da ganinta, ba za a yi masa ƙarya ba. Ya kakkaɓe tabarma da kansa, ya shimfiɗa mata nan cikin soron, suka yi ta gaisuwa, ya aka ji da hanya, ya mutanen birni, ya aka ƙare da damina. Matarsa ta leƙo ta karɓi kayan, ta yi godiya mai yawa tana komawa da baya. Yara suka leƙo aka kore su. Larai tana zaune tana jin ƙarar turmi daga cikin gidan da aka haife ta, babu wanda ya ce ta shigo.

"Yaya," ta ce, da ta ga gaisuwar ba ta da niyyar ƙarewa, "na gaji ne. So nake na dawo gida. Ɗakin nan nawa nake so a share mini."

Nata'ala ya dubi igiyar da ke hannunsa kamar yau ya fara ganinta. "Ikon Allah. To ai ɗakin nan riɗi ne a ciki, har bakin ƙofa. Bana an samu, alhamdu lillahi. Jira nake farashi ya ɗan tashi."

"Ko gefen buhunan ne zan iya kwana. Ba ni da kaya da yawa."

"Ba nan take ba, Larai." Ya rage murya, ya waiga bakin ƙofa. "Kin san yanzu in Malam Liman ba ya nan ni nake jan salla. Mutanen garin nan kuwa kin san bakinsu. Ni ban ƙi ki ba, wallahi jinina ce ke. Amma ki bari sai bayan Babbar Salla mu ga abin da hali zai yi."

Bara ma bayan Salla ya ce, da ta zo da zazzaɓi. Ba ta tuna masa ba. Ta san yayanta, ba mugu ba ne, matsoraci ne kawai, kuma a wurin mai neman mafaka duk ɗaya ne. Aka kawo mata fura a soron ta sha. Da rana ta fara karkata ya ce gara ta kama hanya kafin mutane su taru a masallaci, ya nuna mata ta bi ta bayan gonaki, wai ta nan ya fi kusa da titi. Har ta yi nisa ya biyo ta da sauri, ta ɗauka ya sake shawara.

"Na ce ba, in Allah ya hore miki, ƙofar ɗakin nan gara ta fara ci. Kada ta kai ga riɗin."

Ta ce to, Yaya.

Washegari tun da hantsi ta haɗa kayanta a jakar bakko biyu: zannuwa, 'yan kwanuka, risho, madubin da ya tsage. Katifa ta Magajiya ce. Shekarun da ta yi a bariki ke nan, duk sun shige jaka biyu har da sauran wuri. Ta zauna a bakin gado tana shirya abin da za ta faɗa. Ba za ta yi kuka a gabansu ba. In Najwa ta taso mata da rashin kunya, za ta gaya mata cewa tun ba a yaye ta ba ake layi a ƙofar Larai. Wannan maganar kaɗai ta ɗan ɗaga mata kai, ta yi ta maimaita ta a zuci.

Bayan la'asar aka taru a gindin darbejiyar tsakar gida. Magajiya Zaituna tana kan kujerar roba, ƙafarta da ta kumbura a kan bokiti, fuskar nan ba walwala. Sun daɗe tare da Larai, sun sha kwana a ɗakin tsaro ɗaya in an yi kame.

"Larai, abin da aka faɗa gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Magajiya."

"Kin san doka. Da bakinki aka yi ta."

"Na sani."

Tina ta durƙusa. "Magajiya, don girman Allah a duba. Yunwa ce ta sa ta, ni shaida ce. A ci ta tara, ni zan taya ta biya. In an kore ta ina za ta je?"

"Tashi, Tina," in ji Magajiya. "In na ɗaga wa ɗaya ƙafa yau, gobe kowa ya yi nasa farashin, jibi maza su taka mu da takalmi. Ni ma ba daɗi nake ji ba."

A nan ne Najwa ta ɗago kai daga wayarta. Yarinya ce da ba ta wuce ashirin da biyar ba, masu nemanta ta waya suke kiranta tun kafin su taso daga gari. Larai ta gyara tsayuwa, maganarta tana kan harshe.

"Ni fa Magajiya ban ga abin kora a nan ba," in ji Najwa. "Shekaranjiya raina ya ɓaci, amma da na kwana na yi tunani. Tsakani da Allah, wanda zai shiga wurin Anti ai da ma ba mai shigowa wurinmu ba ne. Ko kyauta ta ce, me ta rage mu da shi? Gara ma a bar ta. Masu zuwa su cika mu da tayi ba ko sisi a aljihu, mun samu inda za mu riƙa tura su."

Ba da gatse ta faɗa ba. Da ma da gatse ne, da Larai ta san abin yi. Da zuciya ɗaya ta faɗa, har da ɗan tausayi a muryarta, ta koma kan wayarta. Larai ta dubi sauran matan tana jiran wata ta ce a'a, ai Larai ma kishiyar kasuwa ce, ta cuce mu, a kore ta. Babu wadda ta ce. Kai kawai suke gyaɗawa, wasu har da ajiyar zuciya, an samu mafita. Tina ma, da hawayenta, cewa take, "Haka ne, wallahi haka ne."

Magajiya ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama, sauƙi ne a fuskarta.

"To shi ke nan. Larai, ɗakinki naki ne. Daga yau doka ba ta hau kanki ba, duk abin da aka ba ki ki karɓa. Zubin mako ma mun yafe miki, ki ji da cikinki."

Kowa a wurin ya san wadda ba ta zubi, asusu ba ya belinta. Babu wanda ya faɗa, ita ma ba ta tambaya ba.

"Ki gode wa ƙannenki mana," in ji Magajiya.

"Na gode," in ji Larai. "Allah ya bar zumunci."

Ta koma ɗaki ta zazzage jakunkunan, ta mai da kowane abu inda yake. Ta samu abin da ta kwana tana roƙon Allah, amma baƙin ciki ne ya cika ta. Da korar ta aka yi, da ta fita a matsayin mace da ake tsoron ta ƙwace wa wasu kasuwa. Yanzu kuwa an bar ta ne kamar tsohuwar randar da ke bayan ɗaki, ba ta riƙe ruwa, ba ta kuma tare wa kowa hanya. Tina ta leƙo tana murna ta ce Allah ya rufa asiri. Larai ta ce ƙwarai kuwa.

Rana ba ta gama faɗuwa ba ta jiyo muryar Najwa daga tsakar gida. "Malam, kada ka ɓata mini lokaci. Ka ga ɗakin can na ƙarshe? Je ka can."

Takun mutum ya matso, ya tsaya a bakin ƙofarta, ya leƙo ta gefen labule. Wani lebura ne, siminti har gashin ido, da ganinsa daga wurin gini yake. Ya dube ta, ya ɗan sunkuyar da kai kamar wanda ya shiga gidan surukai.

"Sannu, Iya. An ce wai nan ake karɓar ko nawa ne."

Ya buɗe tafin hannunsa. 'Yan takardu ne a cukurkuɗe, jiƙe da gumi, ba za su sayi shinkafa da wake faranti ɗaya ba. Larai ta dube su. Rabonta da abinci tun furar da ta sha a soron yayanta, ƙarƙashin katifa kuma babu komai. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ɗage masa labulen.

"Cire takalminka a waje," ta ce.